Neman shawara: yaya zan gane ma'aikacin da ke bayan adireshin IP a rajistar intanet ɗinmu?

Mai tambaya, daga Yamai

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ni ne mai kula da kwamfutoci da layin intanet a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Yamai, inda ma'aikata kusan sittin suke aiki, ban da baƙin da ke zuwa taro. A makon jiya kamfanin da ke ba mu intanet ya aiko mana da gargaɗi cewa an ga ɗimbin saƙonnin imel na yaudara suna fita daga adireshinmu na IP, wato lambar da ake gane layinmu da ita a intanet, a wani dare, ya faɗi rana da lokaci, ya kuma ce idan abin ya maimaitu zai iya datse mana layi. Shugaban ƙungiyar ya ce yana son sunan wanda ya aikata, ni kuwa abin da ke hannuna shi ne na'urar MikroTik guda ɗaya, wadda ke rarraba mana intanet, da kalmar sirrin Wi-Fi guda ɗaya wadda kowa ya sani. Da na buɗe rajistar na'urar, inda take rubuta abubuwan da suka faru, ban tarar da komai na wannan daren ba. Ina neman shawararku a kan yadda zan tsara aikin ta yadda nan gaba zan iya danganta zirga-zirgar intanet da mutumin da ya yi ta, da kuma iyakar abin da doka ta yarda in sa wa ido, domin ba na so in shiga haƙƙin abokan aikina.

Wani injiniya, daga Tawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar wancan daren ka cire rai da ita, kuma ka gaya wa shugabanka gaskiya, kada matsi ya sa ka ambaci sunan kowa bisa zato. MikroTik, idan ba a sauya mata tsari ba, a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi take ajiye rajista, layi 1000 kawai, sabo yana ture tsoho, kuma da zarar wuta ta ɗauke na'urar ta sake tashi, duk abin da ke ciki ya tafi.

Abin da ya kamata ka fara fahimta shi ne adireshin da kamfanin ya ba ka ba na mutum ɗaya ba ne. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya: wanda ke kan titi ya ga an fito daga gidan, amma bai san daga wane ɗaki aka fito ba. Dukkan na'urorinku suna fita ne da adireshi ɗaya ta hanyar NAT, wato tsarin da ke musanya adireshin cikin gida da na waje, saboda haka kafin ka kai ga mutum sai ka bi matakai uku, kuma idan ɗaya ya ɓace sauran ba su da amfani. Da farko kana bukatar rajistar da ke nuna wane adireshin cikin gida ne ya yi hulɗa da wane adireshin waje, ta wace lambar mashiga (port, lambar da ke bambanta hulɗa ɗaya da wata a adireshi ɗaya), a wane lokaci; MikroTik tana iya fitar da wannan ta ɓangarenta mai suna Traffic Flow, a tsarin NetFlow ko IPFIX, zuwa wata kwamfuta mai karɓa. Daga nan sai rajistar DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshin cikin gida, wadda ke nuna na'urar da ke riƙe da wannan adireshin na cikin gida a wannan lokacin, domin adireshin da ke hannun kwamfutar akanta da safe yana iya komawa salular wani baƙo da yamma. Mataki na uku, wanda shi ne ba ku da shi sam, shi ne abin da zai ɗaure na'urar da sunan mutum.

A nan ne mutane da yawa suke dogara da adireshin MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke nunawa idan ta hau Wi-Fi, su rubuta na kowane ma'aikaci a takarda, su ɗauka sun gama. A da wannan yana ɗan aiki, amma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, salula tana ƙirƙira wa kanta adireshin MAC na daban ga kowace hanyar Wi-Fi, ga shi kuma duk wanda ya ɗan san aikin yana iya sauya nasa ya ari na wani. Shawarata ita ce ka soke kalmar sirri ta gama-gari, ka koma WPA2-Enterprise da 802.1X, inda kowane ma'aikaci zai shiga da sunansa da kalmar sirrinsa. FreeRADIUS, manhajar da ke tantance masu shiga a wannan tsarin, kyauta ne, yana aiki a kan tsohuwar kwamfuta mai Linux, kuma idan ka kunna ɓangaren lissafinsa zai rubuta maka sunan mai shiga, da adireshin MAC na na'urarsa, da lokacin shigarsa da na fitarsa. Idan kuma kuna da Active Directory, wato tsarin Microsoft mai kula da sunayen masu shiga kwamfutoci, a rajistar Windows aukuwa mai lamba 4624 tana nuna shigar da ta yi nasara, 4625 tana nuna wadda ta ci tura, 4768 kuwa a kan uwar garken tana nuna adireshin IP na kwamfutar da aka nemi shiga daga gare ta. Baƙi ka ware musu hanyarsu ta daban, mai shafin shiga da tikiti mai ƙarewa.

Wani mamba, mai aiki a banki, Yamai

Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, ƙari ɗaya zan yi, shi ne agogo. Yawancin ƙananan na'urorin nan ba su da batirin da ke riƙe lokaci, saboda haka bayan yankewar wuta agogonsu yana kaucewa har sai sun sami NTP, wato hanyar daidaita agogo ta intanet. Ka haɗa kowace na'ura da tushen lokaci ɗaya, ka tura dukkan rajista ta syslog, wato hanyar aika rajista daga na'ura zuwa na'ura, zuwa kwamfuta ɗaya mai batirin ajiya, inda za ka iya ɗora manhajar Graylog ko Wazuh don binciken rajistar. Ka kuma tambayi kamfanin ko lokacin da ya ba ka na UTC ne, wato agogon bai ɗaya na duniya, domin agogon Nijar yana gaban UTC da awa ɗaya, kuma kuskuren awa ɗaya ya isa ya ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wata lauya, daga Yamai

Malam, na ji daɗin yadda ka haɗa tambayar fasaha da ta haƙƙi, domin daga ranar da ka ɗaure rajista da suna, abin da ke hannunka ya zama bayanan sirri na mutane, kuma doka ta hau kansa. Nijar ta fara kafa dokar kare irin waɗannan bayanai da doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, daga baya doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 ta zo, hukumar da ke kula da aiwatarwa kuwa ita ce HAPDP, wadda take nan Yamai. Kafin ku kunna komai, shugabanku ya tuntuɓi hukumar a rubuce game da ƙa'idojin da suka hau kanku, domin nauyin yana wuyan ƙungiya ne kafin ya zo kanka.

Abin da nake ba ƙungiyoyi shawara a kai shi ne su rubuta takardar ƙa'idar amfani da intanet, cikin Faransanci, a kuma yi wa waɗanda ba sa karanta shi bayani da Hausa ko Zabarmanci, kowa ya sa hannu. Takardar ta faɗi abin da ake tattarawa, da dalilin tattarawar, da tsawon lokacin da za a ajiye kafin a goge, da mutanen da aka yarda su duba. Dalilin nan shi ne ginshiƙi: idan kun ce don tsaro ne, to ba ya halatta gobe shugaba ya ce ka fito masa da shafukan da wance take buɗewa saboda sun sami saɓani. Rajistar da ke nuna cewa ma'aikaciya tana yawan ziyartar shafin wata cuta, ko ma'aikaci yana duba shafukan neman aiki, tana iya rusa wa mutum mutuncinsa ko abincinsa. Don haka a bar sunaye a kulle, kada a buɗe sai an sami abin da ya faru, da izinin mutum biyu a rubuce, a kuma rubuta wanda ya duba da ranar da ya duba. Kada kuma ka manta da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet, wadda ta haramta tare saƙonnin mutane ba bisa ƙa'ida ba.

Mai tambaya

Na gode, Hajiya, na gode, Yaya Injiniya. Shugaban ya tambaye ni ko zan iya karanta abin da ma'aikata suke rubutawa a WhatsApp da imel ɗinsu na kansu, me zan ce masa?

Injiniyan Tawa

Ka ce masa ba ka iyawa, kuma ba ka bukata. Saƙonnin WhatsApp a rufe suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, shafukan HTTPS kuwa, wato waɗanda ake rufe bayanansu a hanya, galibi sunan shafin kawai za ka gani, ba abin da ke ciki ba. Akwai na'urorin da ke buɗe HTTPS a tsakiya idan aka dasa takardar shaida a kwamfuta, amma ban ba ka shawarar ka kusanci wannan ba, balle a salular mutum ta kansa. Sanin wace na'ura ce ta yi hulɗa da wane adireshi, yaushe, da yawan bayanan da suka wuce, ya ishe ka gano matsala irin taku.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin sadarwa

Ɗana, ina ganin kun fi karkata ga neman mai laifi, alhali a irin abin da ka bayyana, yawanci babu wanda ya zauna da dare yana aika saƙonni. Kwamfuta ce ta kamu da muguwar manhaja, ta hanyar filashi ko manhajar sata ko wani maƙalallen fayil, aka bar ta a kunne, ita kuma take ta aikawa ba da sanin mai ita ba. Ko da ka kammala duk tsarin da aka zayyana maka, rajista za ta nuna maka asusun da aka yi amfani da shi ne kawai, ba hannun da ya taɓa madannai ba, musamman a wurin da ake aron kalmar sirri ko mutum uku suke raba kwamfuta ɗaya. Idan suna ya fito, a kira mai shi cikin sirri a tambaye shi, a binciki na'urarsa, kafin a yi maganar horo.

Tun yau, kafin sayen komai, ka toshe mashiga ta 25, wadda uwayen garken imel ke aika wa juna saƙo ta cikinta, ga duk abin da ke fita daga cikin gida, ban da uwar garken imel ɗinku idan kuna da ita, ka kuma sa na'urar ta riƙa rubuta duk wanda ya yi yunƙurin bi ta nan. Imel na ma'aikata ba zai tsaya ba, domin manhajojinsu ta 587 ko 465 suke aikawa. Idan kwamfutar da ta kamu tana nan, adireshinta zai bayyana a rajista da zarar ta sake gwadawa, sai ka duba jerin DHCP nan take ka cire ta daga layi, sannan ka rubuta wa kamfanin ka sanar da su matakin da kuka ɗauka.