Wai aikin mata a tarbar baƙi girki ne kawai?

Ɗan Wusasa: Jama'a ni fa na karanta Farawa 18 a Littafi Mai Tsarki na ga tarbar baƙi harkar maigida ce. Ibrahim ne ya hango mutum uku a Mamre da tsakar rana, shi ya ruga ya tarye su, shi ya zaɓo maraƙi, shi ya tsaya a kansu ƙarƙashin itace har suka gama ci. Saratu tana cikin alfarwa, gari mudu uku aka ce ta kwaɓa, shikenan

Maman Tagwaye: Shikenan?? Haba ƙanena, wannan shikenan ɗin naka ya nuna ba ka taɓa tsayawa bakin murhu da rana tsaka ba. To jeka 2 Sarakuna 4 ka ga matar Shunem, ita ta matsa wa annabi Elisha ya ci abinci, ita ta ce wa mijin su gina masa ɗan ɗaki a sama su sa gado da tebur da kujera da fitila, mijin nan ko zance ba a ji ya kawo ba

Ɗan Wusasa: Ai ta nemi izininsa Mama

Maman Tagwaye: Abigail fa? Gurasa 200 da tumaki 5 ta loda wa jakuna ta kai wa Dawuda, mijinta Nabal bai sani ba

Malamin Firamare: Ni ba nan take damuna ba. Duk wanda ya tarbi baƙo sai an biya shi. Saratu ɗa, 'yar Shunem ɗa, Rifkatu ta shayar da raƙuma 10 ta samu zoben hanci da mundaye na zinariya harda miji. Anya ba ciniki ba ne?

Yaya Babba: Kai malam, cinikin me, Rifkatu ta san wane ne mai raƙuman lokacin da take ta zirga zirga da tulu? Ita ko 'yar Shunem da Elisha ya ce a yi mata magana wajen sarki ai ƙi ta yi, ta ce tana zaune cikin mutanenta. Gehazi baran Elisha ne ma ya tsegunta cewa ba ta da ɗa. Baƙonka annabinka kenan

'Yar Kafanchan: Kuna ta zaɓen masu daɗi. Lutu fa a Farawa 19, da ya ce a ɗauki 'ya'yansa mata biyu a bar masa baƙinsa? Wa ya tambayi yaran?

Ɗan Wusasa: Wannan kam ba zan kare shi ba Anti

Malamin Firamare: Yayel ma ta ba Sisera shugaban yaƙi madara ta lulluɓe shi, ya yi barci ta kafa masa turken alfarwa a kai. Mama wannan a wane layi za mu sa ta?

Maman Tagwaye: Layin yaƙi mana, shi ai ba baƙunta ya zo ba, gudu ya yo