Wane irin gashi ya dace da mayya a fim?

Ummin_Tumfure:
Salam 'yan uwa. Muna haɗa ɗan gajeren fim ne ni da ƙawayena a nan Gombe, da waya dai ba wani babban abu ba, ni aka ba wa fitowar mayya. To rigimar kan gashi ce, wata ta ce in sa farin wig buzu-buzu wata ta ce a'a ja irin na Turawa. Wai dama akwai ƙa'ida ne ko kowa abin da ya ga dama yake yi?

Ɗan_Wunti:
Wslm. Babu wata ƙa'ida ƙanwata. Ki duba Hocus Pocus na 1993, mayu uku ne 'yan gida ɗaya, babbar gashinta ja, ɗaya ruwan gwal ta sake shi har baya, ɗayar baƙi an murɗe shi ya yi tsini sama, kawai don mai kallo ya gane wace ce wace ko daga nesa. A Harry Potter ma Bellatrix baƙin gashi gare ta a hargitse, Hermione kuwa ruwan ƙasa, kuma duk tsafin suke yi. Hargitsin ne ke nuna muguwa ba kalar ba.

Zee_Bolari:
Ku kun tafi Turai kun bar Indiya. A Ek Thi Daayan na 2013 ƙarfin mayyar a doguwar jelar kitsonta yake, yanke ta ake yi kafin a ci galabarta. Wlh bayan na kalla ko jelar kalaba na gani sai gabana ya faɗi.

Anti_Mai_Kitso:
Ummi jan wig a Gombe? Dariya za ki ba mutane, za su ɗauka kwamedi kuke. Mayyarmu ai ba ta hawa tsintsiya, kurwa aka ce tana kamawa, kuma abin tsoron shi ne ba a gane ta, da ita ake zuwa suna da biki a ci tuwo tare. Ni dai a yi miki shuku ko zane tsaf ki kafa ɗaurinki, ki zizara kwalli sosai, idonki ya yi aikin. Ko a fim ɗin Wicked na 2024 Cynthia Erivo da ta fito mayya, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ƙananan kitso aka yi mata duk da koriyar fatar, kuma ya zauna ɗas. Ga shi kin huta da surutun wance ta fito fim kai ba ɗankwali.

Malam_Yelwa:
Ni roƙona ɗaya, ku bar furfurar nan dan Allah. Kullum tsohuwa mai farin gashi ita ce mayya a fim, sai yara su taso da abin a ransu, a ƙauye kuma tsofaffin da ba su da gata su ake ɗora wa maita har a kai ga duka.

Ummin_Tumfure:
Na gode gsky, wig ɗin ya sha ruwa. Anti shukun zai kai sati biyu kuwa? Don sai Asabar da Lahadi muke samun ɗauka.

Anti_Mai_Kitso:
Zai kai in an kama shi ƙanana, ki dinga kwana da hula kawai.