An yi mini tayin dilar wando mai ganye-ganye, in saya?

Ɗan Wambai: Salam jama'a. An yi mini tayin dilar gwanjo mai kilo 45, rabinta wanduna masu zanen kakin soja, an rubuta "camouflage" a jiki. Mene ne ma'anar kalmar? Kuma in zuba jarina ko in haƙura?

Malamin Maraɗi: Kalmar Faransanci ce, daga camoufler, wato ɓad da kama. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar Faransa ta kafa sashe na musamman ƙarƙashin mai zane Guirand de Scévola, suna shafa wa manyan bindigogi fenti suna lulluɓe su da raga don kada jiragen leƙen asiri su hango su. Turanci ya are ta wajen 1917. Kaki kuwa ya girme ta, daga Indiya ya zo, ma'anarsa launin ƙura.

Baba Tela: Malam, tarihin ya yi, amma yaron nan kuɗinsa zai saka. A Najeriya farar hula ba ya sa wannan zane. Wanda aka tare da shi a shinge tuɓe shi ake yi a bainar jama'a, wani har da tsallen kwaɗo, mai shago kuma a kwashe masa kaya, ba rasit ba diyya. Yara 'yan acaɓa da ba su san komai ba su ne suka fi shan wannan wulaƙanci, abin da ciwo wallahi.

Hajiya Mai Rini: A rine su baƙi mana. Amma ka fara zare zare ɗaya ka ƙona: in ya zama toka, auduga ce, za ta sha rini. In ya narke ya dunƙule, roba ce, zanen zai sake fitowa bayan wanki biyu. Shuni ba ya rufe tabon baƙi da ruwan ƙasa. Tambari da maɓallai a ciccire tukuna.

Ɗan Wambai: Hajiya, nawa rinin guda?

Hajiya Mai Rini: Ɗari biyar, in da yawa.

Baba Tela: Wane ɗari biyar? Ƙasa da dubu ɗaya da ɗari biyu ba rini ba ne, shafe ne. Mai ɗinki ya fi sanin yadin da ke zuba.

Hajiya Mai Rini: Baba, kai allura ka sani, tukunyar rini a bar mana.

Auta: Kayan ɓuya ne amma su ne ke tona asirin mai su!

Sarkin Dila: Ku bar batun rini. Wa ya ce rabi ne? Takardar jikin dila ba shaida ba ce. Masu sake ɗauri kan jera na kirki a sama da ƙasa, su cusa yagaggu a tsakiya, su sake matsewa. Duba igiyar ɗaurin: in launinta ya bambanta ko ledar na da sabon gam, an taɓa buɗewa. Kuma da zarar ka yanke igiya ba mai karɓa. Ka nemi a buɗe a gaban shaidu kafin ka biya.

Baba Tela: Wane mai dila ne zai yarda a buɗe kafin biya?