Zanzibar daga Sakkwato: a kwana a Nungwi ko a Stone Town?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya san tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya ya warware mana wannan.

Hanya a fili take: Sakkwato zuwa Abuja, sai jirgin Habasha ta Addis Ababa. Katin rigakafin shawara da inshorar dala 44 da aka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024 duk ba matsala.

Inda gizo ke saƙar shi ne masauki. Nungwi da Kendwa, garuruwan bakin teku a arewacin tsibirin, sun fi daɗin iyo, domin ruwansu ba ya janyewa nesa kamar na Paje da ke gabashin tsibirin, amma darensu na kiɗa ne da barasa, bai dace da iyali ba. Daren da muke so yana Forodhani, dandalin bakin teku a Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, inda ake gasa kifi da matse rake bayan magariba. Tsakanin Nungwi da Stone Town kusan kilomita 60 ne, motocin haya na daladala kuwa ba abin dogaro ba ne da dare. Nawa tasi ke karɓa zuwa da dawowa? Ko raba kwanakin tsakanin wuraren biyu ya fi sauƙi?

Sai bizar Tanzaniya. Mai fasfon Najeriya ba ya samu a filin jirgi, sai an amince tun daga gida, kuma tana jan lokaci. A yanki tikiti kafin ta fito, ko a jira?