Tambaya: daga ina ake fara koyon jita irin ta kantiri?

Sabon shiga: Assalamu alaikum jama'a. Wanda ya iya kama kod (haɗin sautuka da ake bugawa tare) uku ko huɗu a jita, kuma yana son salon kantiri na Amurka, me ya kamata malami ya fara koya masa? Sai da jitar lantarki ne, ko ta katako ma ta isa?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Ta katako ta isa har ta yi yawa a watannin farko. Kiɗan nan a hannun dama yake, don haka malamin da ya fara ɗora ka kan gudun yatsu tun ba ka iya riƙe bugu ba, canza shi.

Abu na farko shi ne musayar bes, wato sauyawa tsakanin tsirkiyoyi biyu masu kaurin sauti. Kama kod ɗin G. Ƙidaya huɗu ce: a ɗaya ka taɓa tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, ita kaɗai (firet na 3; firet su ne ƙarafan da suka gitta wuyan jita), a biyu ka share tsirkiyoyi uku sirara na ƙasa, a uku ka taɓa ta 4 a sake (ba tare da danne ta ba), a huɗu ka sake sharewa. A kan C, bes ɗinka ta 5 ce a firet na 3, abokiyar musayarta ta 4 a firet na 2. A kan D, ta 4 a sake, sannan ta 5 a sake. Kunna metronom (na'urar ƙidayar bugu) a bugu 60 a minti, kada ka ƙara sai ka yi minti biyu cur ba ka taɓa tsirkiyar da ba ita ba, sannan ka ƙara biyar-biyar.

Matsala biyu ke kama kowa a nan. Mutum ya riƙa wurga hannu tun daga gwiwar hannu, fik ɗin (ɗan abin da ake kaɗa tsirkiya da shi) ya sauka inda ya ga dama. Daga wuyan hannu motsin zai fito, kuma ɗan kaɗan. Sai kuma sharar ta danne bes, kiɗan ya zama hayaniya. Bes da nauyi, shara sama-sama. Fik mai laushi ma yana jawo haka, nemi mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1.

In wannan ya zauna, a koya maka takawa daga G zuwa C: ta 6 firet 3, ta 5 a sake, ta 5 firet 2, ka sauka a firet 3. Daga nan ne kunne zai fara jin kantiri. Maybelle Carter, makaɗiyar kantiri wadda aka fara naɗar kiɗan gidansu a garin Bristol na Amurka a 1927, da babban yatsa take fitar da karin waƙa a tsirkiyoyin bes, manuniya kuma tana shara. Tushen ke nan.

Mai lantarki: Malam ya yi gaskiya, amma zan ɗan saɓa masa kan jita. In abin da ke burge ka shi ne kukan nan mai kama da jitar da ake goga wa ƙarfe, ta katako za ta wahalar da kai, domin tsirkiyarta ta 3 naɗaɗɗiya ce, ba ta turuwa yadda ake so. Wannan aikin jitar lantarki irin Telecaster ne ko mai kama da ita, da tsirkiyoyin da mafi sirinsu ke da kaurin inci 0.009 ko 0.010, a kunna fikof (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) na kusa da gada, wato inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jita.

Gwada wannan a kan C: yatsan zobe a tsirkiya ta 3 firet 7, na tsakiya da manuniya a bayansa suna taya shi, ƙaramin yatsa a ta 2 firet 8. Tura ta 3 sama har sautinta ya kai na firet 9, ta 2 kuwa kada ta motsa. Kafin ka tura, fara buga firet 9 ka ji inda za ka. Yawanci a rabin hanya ake tsayawa, sai abin ya fito a karkace. Fik ya ɗauki ta 3, yatsan tsakiya na hannun dama ya fizgi ta 2 ta daki firet. Fizgar nan ce ke ba da ƙarar.

Mai koyarwa: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Wanda ya fito daga salon kiɗan bulus yakan ɗora fentatonik ƙarami (jerin sautuka biyar da ya saba da shi) a kan G, sai a ji ba kantiri ba ne. Mayar da siffar baya da firet uku, ka samu G, A, B, D, E, kuma ka riƙa bin kod: in an koma C, nufi E ko C.

Ka nemi malamin ya koya maka lissafin Nashbil, wato kiran kod da lamba maimakon harafi, tun da wuri. In waƙar a G take, G, C, D su ne 1, 4, 5. In mawaƙi ya ce a koma A, ka ɗaura kafo (matsewar da ke danne duka tsirkiyoyi) a firet 2 ka ci gaba da siffofinka. Salon makaɗan jita Merle Travis da Chet Atkins kuwa, inda babban yatsa ke musayar bes sauran yatsu na kari, bar shi tukuna. Babban yatsa shi kaɗai za a fara horarwa, gefen tafin hannu a kan tsirkiyoyin bes kusa da gada.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Minti nawa a rana?

Mai koyarwa: Talatin kullum: 15 ga musayar bes, 10 ga takawa da tura tsirkiya, 5 ka naɗi kanka a waya ka saurara. Abin da ka naɗa shi za ka kai wa malami ranar darasi.