Wake-on-LAN da Hausa: kunnawa ce ko farkarwa?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubuta wa ɗalibaina bayani kan Wake-on-LAN, wato kana zaune a wani ɗaki ka aika saƙo ta netwok, kwamfutar da aka kashe a can ofis ta tashi da kanta. Na rasa sunan da zan ba abin.

2/ Da farko na rubuta “kunnawa daga nesa”. Wani abokin aiki ya ce ai rimot ma haka yake yi wa talabijin. Gaskiyarsa, amma ba nan ne ya fi damuna ba. Ai kwamfutar ba ta mutu murus ba. Allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya, amma katin netwok yana nan yana shan 'yar wuta, yana kasa kunne. Leƙa bayan akwatin, sau da yawa za ka ga fitilar ramin waya tana ƙyaftawa. Barcin zomo ke nan. Zare fulogi daga bango, ko a ɗauke wuta babu inbata, to ko ka kwana kana aikawa ba za ta motsa ba. Mai barci kuwa farkar da shi ake yi.

3/ Wani ya kawo “tashin sahur”. Na yi dariya, kuma ya kusa: saƙon yakan bi kowace na'ura da ke kan netwok ɗin, kamar mai ganga a unguwa. Sai dai mai ganga kowa yake tayarwa, wannan kuwa ɗaya tak yake nema.

4/ Saƙon shi ne Turawa ke ce wa magic packet. Kamfanin AMD ne ya fito da shi tare da HP a 1995. Tsarinsa: alamar FF sau 6, sannan lambar MAC ta katin (wato lambar shaidarsa a netwok) sau 16 a jere, jimilla bayit 102. Katin da ya ji lambarsa shi kaɗai ke amsawa.

5/ Kada don Allah a ce “fakitin sihiri”, ba ya shiga kunne. Muna da kalma tun kaka da kakanni: kiranye. A yi ta kiran sunan mutum yana nesa har ya taso ba shiri. Na san 'yan siyasa sun karɓe ta wajen dawo da ɗan majalisa gida, amma ba su saye ta ba.

6/ Inda na tsaya: aikin “farkarwa daga nesa”, saƙon “kiranye”. Misali: “Ka buɗe farkarwa a BIOS (saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta) tukuna, in ba haka ba kiranyen ba zai ci ba.”

7/ Saura “daga nesa” ke ɗan yi mini ƙaiƙayi, don kiranyen ba ya tsallake rauta, wato na'urar da ke haɗa netwok ɗinka da na waje, sai an yi masa dabara. Malaman Hausa, ku gyara mini in akwai wadda ta fi.