Neman shawara: dokina yana saurin gajiya, ga sallah saura mako bakwai

Mai Bikili:
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota dawaki. Wata huɗu ke nan da na sayi wani bikili ɗan Arewa, mai shekara biyar. Tun da ya zo yana turke, sai ɗan zagayen unguwa da yaro ke yi da shi ranar Juma'a. Gero da dusa da harawa bai rasa ba, ya yi ɓul-ɓul, gashinsa har sheƙi yake. Shekaranjiya na ɗaura masa sirdi muka fita bayan gari da abokai, na sake masa linzami sau biyu. Wallahi raina bai so abin da na gani ba. Ya jiƙe sharkaf har da kumfa, ya kusa rabin awa yana haki. Washegari ya tashi bayansa a sanƙare, ga ɗan kumburi a bayan ƙwaurin ƙafar gaba ta dama.

Na ci burin in hau shi a tawagar hakiminmu ranar Hawan Daushe. Wani aboki ya ce in riƙa yin sukuwa da shi kullum a cikin yashi, wai cikin mako biyu zai zama ƙarfe. Haka ne? Ina ƙaunar dokin nan, ba na so in nakasa shi da hannuna.

Tsohon Ɗan Barga:
Wa alaikumus salam. Yaro, ƙiba daban, ƙwari daban. Ka tara masa kitse, ba ka tara masa numfashi ba. A zamaninmu dokin da ya daɗe a turke ba ya ganin sukuwa sai ya yi wata guda yana kilisa. Bayan asuba a fita da shi, tafiya zalla, a dawo kafin rana ta yi zafi. Ranar da bai fita ba a rage masa gero, a ƙara ciyawa. Ka kuma duba fitsarinsa. In ya yi duhu kamar ruwan shayi, kada ko taku ɗaya ka sa shi, nemo likita.

Ɗan Sukuwa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma mu a filin sukuwa yashi muke ba su kuma muna ganin amfaninsa. Ka ba shi kanwa a ƙasari, ka hana shi ruwa in ya dawo da zafi, za ka ga canji.

Likitan Dabbobi:
Malam Mai Bikili, ka riƙe maganar Baba. Bari in faɗi dalilinta ta fuskar aikinmu.

Gaɓoɓin doki ba sa ƙarfafa lokaci ɗaya. Zuciya da jini su ne masu saurin karɓar horo. Cikin mako biyu na aiki ruwan jininsa yana ƙaruwa, zuwa mako shida ko takwas za ka ga hakin ya ragu sosai. Allah ya ma yi masa wata baiwa: saifarsa tana ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na jajayen ƙwayoyin jininsa, da ya zabura sai ta matse ta zubo su. Shi ya sa dokin da bai da horo ko kaɗan zai iya yi maka gudun da zai ruɗe ka. Amma agara da ƙashi da kofato watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. Nan ne ake cutar dawaki. Mai shi ya ga numfashi ya zauna, ya ƙara gudu, ƙafa kuwa ba ta shirya ba.

Kumburin nan ya fi hakin damuna, domin wurin da ka kwatanta nan agara take. Ka shafa ka ji ko ya fi ɗaya ƙafar zafi, ka ɗan matsa ka ga ko zai janye. A riƙa kwarara masa ruwan sanyi minti 20, safe da yamma, kuma likita ya gan shi ido da ido kafin sirdi ya sake hawa bayansa. Agarar da ta tsage takan ci wata tara zuwa shekara kafin ta warke. Yashi mai zurfi kuwa shi ya fi komai ja wa agara nauyi. Ɗan Sukuwa, dawakinku sun shekara suna aiki, wannan daga turke ya fito.

In an tabbatar ƙafar lafiya lau, ga yadda zan yi in nawa ne. Mako biyun farko tafiya zalla a ƙasa mai tauri daidai, daga minti 20 har ta kai awa guda. Mako na uku a sa sassarfa, minti biyar, a koma tafiya, a sake. Sai mako na biyar ko na shida zai ɗanɗani gajeriyar sukuwa, ita ma sau biyu a mako. Kada ka ƙara nisa da sauri a rana ɗaya, ɗauki ɗaya. Ka tuna hawan sallah yawancinsa tsayuwa ne da tafiya cikin rana da kaya masu nauyi, don haka a makonnin ƙarshe ka riƙa ɗora masa kayan hawan ya saba.

Ka koyi ƙirga bugun zuciyarsa. Sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, za ka ji jijiya tana harbawa. Ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki a hutu yana tsakanin 28 da 44 a minti, a tsakiyar sukuwa yakan haura 200. Saurin saukowarsa shi ne ma'auni. A gasar dogon zango ta duniya, dokin da bugunsa bai sauko 64 ba cikin minti 15 a tsakiyar gasa, ko minti 20 a ƙarshenta, fitar da shi ake yi.

Batun hana ruwa, don Allah a bar shi. Doki a zafi yana iya zubar da lita 10 zuwa 15 na gumi a awa guda, kuma guminsa gishiri ne sosai. Binciken da aka yi gabanin wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 ya nuna kwarara wa doki ruwan sanyi bayan aiki ba ya cutar da shi, ceto ne. A bar shi ya sha. Kanwa kuma ba ta maye gurbin gishiri, a sa masa cokali biyu na gishirin miya a dusa kullum.

Mafarauci:
Likita ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Haka muke fama da karnuka in kaka ta yi. Duk damina suna ɗaure, ranar farko a daji sai ka ga kare ya bi zomo da zuciya ɗaya, ya dawo tafin ƙafarsa a tsage. Na taɓa rasa wata karya mai kyau a kan haka, zafi ya buge ta tsakar rana. Shi kare ba ya gumi kamar doki, da haki yake fitar da zafi, in harshe ya zazzago ya yi faɗi yana tangaɗi to a nemi inuwa da ruwa. Yanzu wata guda kafin fita nake jan su a bayan keke da sassafe, ina ƙara musu romon ƙashi da kitse a tuwo.

Likitan Dabbobi:
Daidai ka yi, kare ya fi doki iya ƙona kitse a doguwar tafiya. Sai dai kada a cika masa ciki dab da fita.

Mai Bikili:
Allah ya saka da alheri. Yanzu na fito daga barga. Fitsarin fari ne, bugun 40, amma wurin kumburin da ɗumi, kuma da na matsa ya ɗaga ƙafar. Na kira likita, zai zo gobe da safe. Na rage geron rabi. In ya ce a huta, zan ari dokin yayana in yi hawan, bikili ya jira ƙaramar sallah. Baba, kafin goben in ja shi da ragama ya ɗan taka, ko in bar shi a turke?

Tsohon Ɗan Barga:
Bar shi a turke. Ka zuba masa yashi mai laushi a ƙarƙashinsa, ka ci gaba da ruwan sanyin.